Baƙo ya zo Arewa, mun ba shi taliya

A Italiya, ɗan jagora kan zaga gari da baƙi a ƙasa, suna ɗanɗana cuku da ruwan inabi, yana ba su tarihin kowace loma. Har UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fiza na Napoli cikin gadon duniya a 2017. Mu fa? Baƙo ya sauka Dogondutsi, mu kai shi Lugu, inda Sarauniya ta tari sojan Faransa a 1899, mu dawo mu aje masa taliya da sardin. Taliyar Italiyawa! Hura da dambun zogala kuwa a ɓoye su madafa, wai cimar ƙauye ce. Ya ku malamai, waninku ya taɓa kai ɗalibai kasuwar Tibiri, su tambayi mai hura sunan geron da ta daka?