Ƙurar Hunturu: Wadda Ta Zo Daga Nesa Da Wadda Muka Tayar Da Hannunmu

Duk wanda ya fito da sassafe a Ɗorayi cikin watan Disamba ko Janairu ya san halin da ake shiga. Rana takan fito fara fat kamar faranti, leɓɓa su tsage, yara su tafi makaranta suna tari, wani lokaci har jiragen sama su kasa sauka saboda hazo. In ka yi magana sai a ce maka ai hunturu ne, haka Allah ya yi shi. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ra'ayina shi ne ƙurar da muke shaƙa iri biyu ce. Akwai wadda ta zo daga nesa, wadda ba mu da iko a kanta, akwai kuma wadda muke tayarwa da kanmu, wadda alhakinta ke wuyanmu.

Bari mu fara da ta nesa. A arewacin ƙasar Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Cadi na yau ɗan raguwarsa ne kawai. A cikin ruwan nan an yi wasu ƙananan halittu masu suna dayatom, waɗanda ido ba ya ganinsu, masu ɓawo irin na gilashi. Da tafkin ya ƙafe sai ɓawonsu ya zama farar ƙasa mara nauyi. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka toshe wa rabin bakin famfo, ta kwashi farar ƙasar nan ta yo kudu da yamma da ita. Wani kaso na hazon Kano ke nan. Hasali ma ƙurar Sahara takan tsallake Tekun Atlantika. Binciken da masana na hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon kowace shekara, ɗauke da sinadarin fosfaros da tsirrai ke buƙata.

To, yaya iska ke ɗaga ƙasa? Wani sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana yawo a hamadar Libiya, shi ya yi bayanin wannan a littafin da ya wallafa a 1941. Hanyoyin uku ne. Manyan ƙwayoyin yashi ba sa tashi, mirginawa suke yi a ƙasa. Matsakaita tsalle suke yi, su tashi kaɗan su faɗo. Mafi ƙanƙanta kuwa, wato ƙura, in sun tashi sai su rataya a sama su yi tafiyar kwanaki. Abin lura a nan shi ne lallausar ƙura ba ta cika tashi da kanta ba, domin ƙwayoyinta a manne suke da juna. Ƙwayoyin nan masu tsalle su ne ke faɗowa su buge ta su watsa ta sama. Haka ma tayar mota da ƙafar mutum da tsintsiya suke yi.

Wannan ƙa'ida ba ta yashi ba ce kaɗai. A ƙasashen sanyi, idan guguwa ta taso a kan duwatsu, ta waɗannan hanyoyi uku iska ke tafiya da dusar ƙanƙara. Takan share gefen dutsen da take bugawa, ta jibge ƙanƙarar a bayansa inda ƙarfinta ya ragu, tulin kuma yakan zame ya binne hanya da mutane. Mutanen can ba su naɗe hannu ba. A jihar Wayomin ta Amurka, tun farkon shekarun 1970 aka kakkafa shingayen katako masu ramuka a gefen babbar hanya, bisa binciken wani masani mai suna Ronald Tabler. Shingen yana rage gudun iska, sai ƙanƙarar ta zube kafin ta kai titi. Darasin a fili yake: in ka rage gudun iska a kusa da ƙasa, ka hana ƙwayoyi tsalle, ka rage abin da zai tashi.

Yanzu mu dawo gida. Mai tafiya daga Ɗorayi zuwa Sharaɗa ko Challawa, ko mai ratsa Bompai, zai ga filaye tsirara, da tulin yashin gini a bakin titi, da manyan motoci suna bin hanyoyin da ba kwalta. Ga hayaƙin masana'antu da na janareta da na bolar da ake ƙonawa suna gauraya da hazo. Filayen makarantu da yawa ba ciyawa ba itace, kuma kullum safiya yara ne ke sharar su a bushe. Wannan ƙura ba daga Cadi ta zo ba.

A matsayina na malamin ilmin halittu, abin da ya fi damuna shi ne inda ƙurar ke ƙarewa. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyi, amma mafi ƙanƙanta sukan wuce har cikin huhu, su tayar wa mai asma da ciwonsa. Busasshiyar iska mai ƙura kuma tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar cutar sanƙarau shiga jini. Ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Rigakafi shi ne babban makami, amma rage ƙura taimako ne.

Wani zai ce, me 'yan itatuwa za su yi wa iskar Sahara? Ba za su tsayar da ita ba, kuma ban ce za su yi ba. Amma layin itatuwa yana rage gudun iska a bayansa har tazarar da ta ninka tsawonsa sau goma ko fiye. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, tun 1975 manoma suka fara dasa layukan darbejiya don kare gonakinsu, kuma sun ga amfanin abin. A nan kusa ma akwai irin waɗannan layuka a yankin Ɗambatta.

Saboda haka ina kira ga malamai da su maida wannan darasin aji. A shafa man shafawa a kan ƙananan gilasai, a ajiye ɗaya a bakin titi, ɗaya a bayan itatuwa, bayan kwana biyu a duba su da madubin ƙara girma, ɗalibai su ƙirga da idonsu. Sannan kowace makaranta ta dasa layin itatuwa ta gefen arewa maso gabas da farkon damina, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Masu masana'antu su rufe tulin yashi, su kewaye harabarsu da itace, hukuma kuma ta kula da hanyoyin unguwa. Hunturu zai dawo baɗi kamar yadda ya saba. Abin da ya rage mana shi ne kada ya tarar mun tanadar masa ƙurar da zai ɗura wa 'ya'yanmu. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.