Katin Inshorar Da Ba Ya Bin Garke Ba Namu Ba Ne

 Yau ina so in yi magana a kan inshorar lafiyar nan da muke ta jin labarinta a rediyo, domin kuwa na ga alamar ana ɗinka mana riga ba a auna mu ba.

A bazarar bara naƙuda ta yi wa matar ƙanena gardama a rugarsu, can cikin Shari-Bagirmi. Kwana biyu tana fama, sannan aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, aka yi shatar mota har Injamena. A asibiti aka ce sai tiyata. Aka miƙo takardar magani ta farko, aka miƙo ta biyu da ta uku, ga kuɗin jini, ga na mota. Ƙanena ya zo nan kasuwar dabbobi ta Diguel ya karɓi kuɗi hannun wani dillali a kan karsana biyu, a farashin da mai saye ya ga dama, don kowa ya ga a matse yake. Allah ya tashi kafaɗun matar, amma jaririn bai zo da rai ba. Karsanan nan kuwa su ne iyayen garkensa na gobe. To jama'a, inshorar makiyayi ke nan a yau: in ciwo ya zo, ka karyar da dabbarka.

Ba wai hukuma ba ta taɓa yin alkawari ba ne. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka ce kowace ƙasa za ta riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinta domin lafiya, amma Cadi ba ta cika wannan alkawari ba. A 2007 gwamnatin marigayi Idriss Deby ta yi shelar jinyar gaggawa kyauta a asibitocin gwamnati. A 2019 kuma aka kafa dokar kiwon lafiya ga kowa, wadda ake kira CSU, daga bisani aka kafa asusun inshorar lafiya na ƙasa, watau CNAS. Dokar ta kasa mutane gida uku: masu albashi, da masu zaman kansu, da kuma matalauta waɗanda gwamnati za ta ɗauke wa nauyi a ƙarƙashin tsarin AMED. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma duk da haka fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Binciken hukuma na 2014 zuwa 2015 kuwa ya nuna mata 860 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000.

To a cikin gidajen nan uku, ina aka shimfiɗa wa makiyayi tabarma? Ba mu da albashi balle a riƙa cirewa ƙarshen wata. In aka ce mu matalauta ne, sai wani mai kwat ya yi dariya, ya ce ina talauci ga mai shanu talatin? Saura gida ɗaya ke nan, na masu zaman kansu, inda za a haɗa mu da mai kanti da mai ɗinki da ɗan tireda, mutanen da ke kwana gida ɗaya shekara da shekaru, suna taɓa kuɗi kullum safiya.

Wannan magana ta cewa makiyayi mai kuɗi ne, kallon kitse ake wa rogo. Saniya ba kuɗin aljihu ba ce. Ita ce gona, ita ce rumbu, nononta yara ke sha, shi mata ke sayarwa su sayo gero. Wanda ya ce makiyayi ya sayar da saniya ya biya kuɗin kati, daidai yake da wanda ya ce manomi ya sayar da gonarsa ya sayi taki. Daɗin daɗawa garken da ka gani a bayan mutum ɗaya, sau da yawa na mutum goma ne: akwai ta mata, akwai ta marayu, akwai ta wani attajiri a birni da aka ba shi kiwo. Fari ɗaya ko annoba ɗaya ta isa ta mayar da shi mai sanda kawai.

Masu cewa ba mu ba da komai a asusun ƙasa kuwa, su zo Diguel ranar da kasuwa ta cika su ƙidaya rasit. Ana karɓa in dabba ta shigo, ana karɓa in an sayar, ana karɓa a mayanka, ana karɓa a kan iyaka in za a fitar da ita Nijeriya ta Kamaru. Ƙidayar dabbobi da aka yi daga 2012 zuwa 2015 ta gano kusan kai miliyan 94 na shanu da tumaki da awaki da raƙuma da sauransu. Amma ƙidayar mutane ta 2009 cewa ta yi masu yawo da dabbobi ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Wa ke kiwon miliyoyin nan ke nan, aljannu? An san yawan awakinmu, ba a damu da sanin yawan 'ya'yanmu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za su ce ai laifinmu ne, ba mu zama wuri ɗaya, ba a iya cim mana. Wannan ma ba gaskiya ba ce. Da ciwon bushiya ke kashe shanu, tun 1962 aka tashi gangamin allura a ƙasashen Tafkin Cadi huɗu, malaman dabbobi suka bi saniya har inda take kwana, aka yi ta yi har aka yi shelar ƙarewar cutar a duniya a 2011. Wajen shekarar 2000 masu bincike na ƙasar Suwizalan tare da na ɗakin binciken dabbobi na Farcha sun shiga rugage a Shari-Bagirmi da Kanem. Sun tarar an yi wa yawancin shanu allura, amma ba su sami yaro ko ɗaya da ya kammala allurarsa ta rigakafi ba. Sai aka haɗa malamin asibiti da malamin dabbobi a mota ɗaya. Daga 2000 zuwa 2005 aka yi zagaye 14, aka yi wa dabbobi kusan 150,000 allura, yara fiye da 4,600 kuma suka kammala tasu, kuɗin aikin ma ya ragu tun da mota ɗaya ce da man fetur ɗaya. Ashe dai an san hanyar ruga. In hukuma ta iya kai wa maraƙi allura, me zai hana ta kai wa mai maraƙin kati?

Yanzu bari in juyo kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ji wasunmu na cewa inshora wani sabon jangali ne aka canza wa suna. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowa ya san habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron karsana, ta haifa masa 'yan maruƙa sannan ya mayar da uwar. Inshora ma haka take: jama'a su tara kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kayar a ɗaga shi. Saboda haka kada mu ƙi ta. Mu dage a yi ta daidai da zamanmu.

Ga abin da muke nema, kuma ina roƙon kowane ardo da kowane shugaban ferik ya karanta wa mutanensa.

Na ɗaya, a riƙa karɓar kuɗin sau ɗaya a shekara, da kaka, lokacin da dabba ke da ƙiba da daraja, kuma a karɓa a kasuwar dabbobi ko ta wayar hannu, kati ɗaya ya ɗauki gida guda.

Na biyu, katin ya yi aiki a kowace asibitin gwamnati, daga Kanem da Batha inda muke damina har kudu inda muke cin rani. Ciwo ba ya jira mutum ya koma inda aka rubuta sunansa.

Na uku, kada a hana kowa kati don ba shi da takardar haihuwa. Yawancin 'ya'yanmu a daji aka haife su. A zo da mai rubuta takardar a cikin motar allura, a yi aiki biyu a tafiya ɗaya.

Na huɗu, a ware wani kaso daga harajin da ake karɓa a kan dabbobi a zuba shi a asusun, don kuɗin kati ya yi sauƙi. Ghana ta yi irin wannan a dokarta ta 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye da sayarwa domin asusun inshorarta. Mu ba sabon haraji muke cewa a ƙirƙiro ba, wanda muke biya ne muke so mu ga amfaninsa.

Na biyar, makiyayin da garkensa ya ƙare a sa shi cikin AMED, kuma a ba ƙungiyoyin makiyaya kujera a inda ake yanke farashi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In an yi mana waɗannan, ni zan fara shiga layi in biya, in kuma bi rugage ina shela. In kuwa an ƙi, to a daina cewa lafiya ga kowa, a ce lafiya ga mazauna birni, mu san matsayinmu. Ƙanena ya riga ya biya nasa da karsana biyu da kabari ɗaya. Kada mu yarda wani ya sake biyan irin wannan kuɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya albarkaci garkenmu, ya sa shugabanni su ji. Wassalam.