Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Daraktan Gidan Tarihi na Ƙasa Boubou Hama, Yamai



Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda daga baya aka raɗa wa sunan Boubou Hama, shi ne babbar ma'ajiyar tarihin halittu ta Nijar. A cikinsa akwai gidan dabbobi, da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da ake kira dinozor, da ragowar itaciyar Tenere wadda mota ta kayar a 1973. Sai dai ƙashi a bayan gilashi ba ya magana. Littafi ne ke faɗin inda aka tono shi, da shekarunsa, da abin da ya sa ya zama dutse. Saboda haka wannan wasiƙa ta shafi ɗakin karatu da aikin ɗab'i, musamman abin da zai kai ga mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela.

Ƙasar waɗannan yankuna cike take da shaida. Farin dutsen da kamfanin siminti na Malbaza ke fasawa ya taru ne a ƙasan wani teku da ya mamaye wurin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma har yau ana samun ɓawon halittun ruwa daskare a cikinsa. Shimfiɗar dutsen ta tsallaka iyaka zuwa Kalambaina ta Sakkwato. A gabas da Tawa, a In Beceten, an tono ƙasusuwan wani tsohon kada da masani Eric Buffetaut ya bayyana a 1974. Wata dabbar teku kuma da sunan garin Goronyo aka san ta a duniyar kimiyya. Ma'aikacin da ke fasa dutse da yaron da ke tsintar ɓawo a kan tudu sun fi kowa kusa da wannan ilmi, amma galibin abin da aka rubuta a kansa da Faransanci da Ingilishi yake, a mujallun Faransa, Ingila da Amurka.

Gyaran farko na ɗakin karatu ne. Ya kamata duk wani rubutu da aka buga a waje kan ƙasusuwan Nijar ya samu kwafi a Yamai, tun daga bayanin dinozor Ouranosaurus da Philippe Taquet ya yi a 1976 har zuwa na Nigersaurus da Paul Sereno da abokan aikinsa suka fitar a 1999. Mai neman izinin tono a ɗora masa wannan sharaɗi.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne ɗab'i. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a jerin littattafan Études Nigériennes ne littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar ya fito a 1975, kuma da shi ɗaliban Illela ke sanin masarautarsu a rubuce. Abin da aka yi wa tarihin sarakuna ya dace a yi wa duwatsu, itatuwa da tsuntsaye. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, don haka ƙananan littattafai masu hotuna da farashi mai sauƙi, da boko da ajami, ba alfarma ba ne. Sunayen tsirrai da dabbobi kuwa a karɓo su daga bakin manoma, makiyaya da mafarauta, a jera su gefe da sunayen kimiyya, domin yawancin sunayen gargajiyar a kawunan tsofaffi suke.

Tsakanin Ƙonni da Yamai akwai fiye da kilomita 400, kuma ɗalibai ƙalilan ne za su iya wannan tafiya. Littattafan su ne za su je, a ajiye su a makarantun sakandare da gidajen matasa na garuruwan uku. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za ta iya duba rubutun, kamfanin siminti kuma a nemi ya ɗauki kuɗin bugun littafin farko, tunda daga raminsa misalan za su fito.

Huta lafiya.