Igiya ɗaya muka rataya a kanta



Ni ba ɗan jami'a ba ne, sakandare na gama a nan Ibadan na koma rumfar goron Baba. Amma akwai wani fannin bincike da nake ganin ya shafe mu fiye da masu yinsa, wato nazarin yadda mutane ke sarƙe da juna, wa ya san wa, kuma ta hannun wa abu yake bi.

A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Travers da Milgram, sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ba mutum 296 saƙo, kowa ya isar da shi ga wani mutum a Boston, da sharaɗin sai ta hannun wanda ka sani za ka miƙa, shi ma ya miƙa wa nasa sanin. Saƙo 64 ne suka isa, galibi bayan hannu biyar zuwa shida. Abin da ya tsaya mini shi ne kusan rabinsu ta hannun mutum uku kacal suka shiga a ƙarshe, ɗaya ma mai sayar da tufafi ne. Da na karanta sai na ce ai wannan maigida ne!

Mu ma an yi nazarinmu. Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kan masu gida 'yan kaɗan: su sauki baƙo, su ajiye kuɗinsa, su tsaya masa idan mahauci ya karɓi sa bashi. Babu takarda, amana ce kawai.

To ga inda gizo ke saƙar. A 2000 Albert da Jeong da Barabasi sun nuna cewa irin wannan tsari mai 'yan manyan cibiyoyi yana da juriya idan ƙanana ne suka faɗi, amma a cire manyan sai ya wargaje. Na gani da idona. Shekarar da maigidan Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, wata huɗu muna bin kuɗinmu, domin shi kaɗai ya san wanda ake bi da wanda ke bi. Masu kawo mana goro daga Shagamu ma ba mu da lambar ko ɗayansu. Shekara ashirin muna ciniki da su fa.

Ba ina cewa a raina manya ba ne, Allah ya kiyaye. Laifinmu ne mu matasa. Abokanmu duk 'yan layinmu ne, labarin da ɗaya ya ji shi kowa ya ji. Granovetter ya rubuta tun 1973 cewa sabon labari, har na samun aiki, ya fi zuwa daga wanda kuke gaisawa sama-sama, domin shi yana yawo inda ba ka zuwa. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, wani direba Bayarabe da muke gaisawa a tasha shi ya kira ni ya ce kada in bi hanyar nan, tun kafin kowa a layinmu ya ji.

Yanzu na sayi littafi, duk wanda muka yi ciniki da shi ina rubuta sunansa da lambarsa da garinsu. Baba yana mini dariya, wai na zama akawu. Jiya dai shi ya ce in duba masa lambar mutumin Shagamu.