Kafin A Kafa Fankar Farko A Gonakinmu

 Maganar da muka kawo a wannan fitowa maganar gona ce da itace, domin yawancinmu a Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar da fartanya muke ci.

A shekarar 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan gina tashar lantarki ta iska a Tarka, cikin jihar Tawa. Shirin ya ce fankoki har 60, masu ba da wuta har megawat 250. Kusa da mu kuma akwai tashar Lambar Rimi a jihar Katsina, mai fankoki 37 da megawat 10, wadda aka faro zancenta a 2005 lokacin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka kuma shafe fiye da shekara 10 ana aikinta ba a gama ba. Iskar hunturun da ke kaɗawa a Tawa da Katsina ita ce ke kaɗawa a kanmu, fili kuma shimfiɗaɗɗe ne a nan kamar can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu tallan irin wannan aiki suna cewa wutar iska tsabtatacciya ce, ba hayaƙi, ba mai, saboda haka ba abin tambaya. Rabin gaskiya suka faɗa. Mun yarda ba ta da hayaƙi. Mun yarda ana iya noma a tsakanin fankoki, shanu kuma suna kiwo a ƙarƙashinsu. Mu ma mun gaji da duhu da kuɗin man janareta. Ba mu kuma tare da masu baza jita-jita cewa fanka tana korar hadari ko tana hana mata haihuwa. Wannan zancen banza ne, kada a ji shi a bakin ɗan ikilisiya. Amma rashin hayaƙi bai sa aikin ya zama marar illa ba.

Ku dubi girman abin. A Taiba Ndiaye ta ƙasar Senegal, inda aka buɗe tashar fankoki 46 a 2020, tsawon kowace hasumiya ya wuce mita 100, kowane fiffike kuma ya kai mita 60. Kafin a tsayar da irin wannan sai an haƙa rami an zuba kankare mai yawa, an share filin da injin ɗaga kaya zai tsaya, an buɗe hanya mai faɗi da dogayen tireloli za su bi, an kuma ja layin manyan wayoyi. Duk gawo ko kuka ko tsamiya da ke kan wannan hanya gatari ne zai ci ta. Mu da muke bakin hamada mun san darajar gawo: yana zubar da ganye da damina ya zama taki, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Jigawa tana cikin jihohi 11 da ake dasa itatuwan tare hamada. Wane irin lissafi ne a dasa da hannun dama a sare da na hagu? In aka tsiraita ƙasar rairayi, iskar da aka zo kamawa ita ce za ta kwashe ta.

Akwai kuma tsuntsaye. Fadamar Haɗeja da Nguru tana gabas da mu, kuma kowace shekara tsuntsaye daga Turai suna sauka a cikinta. Fiffiken fanka yana kashe manyan tsuntsaye masu shawagi da jemagu in aka kafa shi a kan hanyarsu. Ungulu ta riga ta yi wuyar gani a kasuwanninmu. Shamuwar da ke sanar da mu zuwan damina, wa zai ƙirga ta kafin a fara aiki? Gidan da ke kusa da fanka kuma yana fama da ƙugi da dare, da inuwar fiffike mai giftawa safe da yamma. Hanyar aikin na iya yanke burtali, makiyayi ya rasa inda zai bi sai gonar wani, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta.

Babbar damuwarmu ita ce ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko ya karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta amfanin gona ce da gini da abin da aka inganta. Ƙasar da ka gada daga kakanka ba ta da farashi a wannan lissafi. Ba mu manta da ƙorafin manoman Gagarawa da kewaye a 2017 ba, lokacin da aka ware hekta 12,000 don noman rake. A Kenya, sai a 2021 kotu ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da filin tashar Tafkin Turkana mai fankoki 365, bayan an riga an gama gini. Wanda ya yi shiru ranar awo, kotu zai yi ta zarya shekara da shekaru.

Wasu dattawa za su ce mu 'yan kaɗan ne, mu kama bakinmu. Ba mu yarda ba. Wanda ba shi da yawa shi ake mantawa in ana rubuta sunayen masu diyya, kuma filayen majami'unmu da makabartunmu da yawa ba su da takarda. Wannan kuma ba maganar addini ɗaya ba ce. Gonar Musa tana iyaka da ta Bitrus, tirela ba za ta tambayi wanne ne ba. Da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani za mu tsaya a gaban dagaci.

Ga abin da muke roƙo. Kowace ikilisiya ta nemi takardar filinta da ta makabarta a ƙaramar hukuma tun yanzu. Kowane magidanci ya ƙirga itatuwan gonarsa a gaban shaidu ya rubuta. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, kuma ana baje rahoton don jama'a su karanta su yi magana. Matasanmu masu ilimi su karanta shi su fassara mana da Hausa. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. In kuma wuta za ta fito daga gonakinmu, a rubuta a yarjejeniya cewa asibitinmu da makarantarmu za su samu kafin waya ta wuce da ita birni.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima a kan wannan al'amari. Amin.