Wanne Za a Bari a Turke?

Tsadar gero da dusa ba ta tsaya a madafa ba, ta kutsa har barga. A nan Garki, inda wurin ajiye mota ma sai an yi sa'a, masu doki ba su da yawa. Galibinsu haya suke biya a bargar wani, ko kuma dokin yana can gida, Kazaure ko Daura, duk wata ana aika kuɗin harawa. Gidan da ya gaji dawaki biyu, da wuya a tashi taron iyali ba a tayar da maganar sayar da ɗaya ba.

Wasu maƙwabtana suna cikin wannan taƙaddama. Mahaifinsu ya rasu ya bar kili, ingarma dogo, wanda in aka ɗaura masa sirdi da jalala sai kowa ya waiga. Ya kuma bar wata jar goɗiya, gajeruwa, wadda ba ta da abin jan ido. Babban wansu ya yanke hukunci tun kafin a zauna: "Goɗiyar za a kai Maigatari ranar Alhamis." Ƙaramin, wanda shi ne ke fita kilisa, kuma doguwar tafiya a kan doki ita ce burinsa, cewa ya yi, "Yaya, don Allah a gwada su tukuna." Ni ina bayan ƙaramin.

Mu da ido muke sayen doki: tsayi, launi, tanƙwarar wuya, iya rawa. Ba laifi ba ne, hawan sallah ne ya koya mana haka, kuma hawan Kano ya kai matsayin da UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2024. Sai dai hawan Daushe ko na Nassarawa tafiya ce ta cikin gari, sukuwa kuwa mintuna kaɗan ce an gama. Babu ɗaya da ke auna abin da ya sa kakanninmu suka ɗauki ɗan Azbin da daraja, wato ya wuni yana tafiya cikin rana, gobe kuma ya tashi ya ci gaba.

A wasu ƙasashen wannan juriyar gasa ce mai zaman kanta. Tun 1955 ake yin gasar Tevis a Kalifoniya ta Amurka, mil 100 cikin duwatsu, a awa 24. Babbar tazara a gasar duniya kilomita 160 ce a rana guda, kusan nisan Kano da Zariya. Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid, da kansa ya lashe kambun duniya a Ingila a 2012. Dawakin da suka mamaye fagen kuwa na Larabawa ne, marasa girman jiki, kuma da yawansu goɗiyoyi ne ko waɗanda aka dandaƙe. Mu nan a ga namiji a kan goɗiya har abin zolaya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake hukunci. Ana raba tafiyar zango-zango. A kowane zango likitan dabbobi zai saurari zuciyar doki. In bugunta bai sauko zuwa 64 a minti ba cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, an fitar da shi. Zai ja fatar wuyansa ya ga ko ta koma da sauri, don gane ƙarancin ruwa a jiki. Zai ɗaga leɓe ya duba launin dasashi, sannan a ja dokin ya yi sassarfa a gabansa. Ɗingishi kaɗan ya isa a kore shi, ko da shi ya riga kowa isowa.

Duk wannan ana iya yin sa a bayan gari ba tare da an kashe wani kuɗi mai yawa ba. A fita da kilin da goɗiyar da sassafe, mahaya masu nauyi kusan ɗaya, hanya ɗaya. A dawo a ƙirga bugun zuciya a ƙarƙashin muƙamuƙi, a sake ƙirgawa bayan minti goma. A ga wanne ya sha ruwa ya sa baki a harawa, wanne ya tsaya yana haki ya ƙi ci. Washegari a shafa ƙafafu a ji zafi ko kumburi, a ɗaga kofato a duba tsagewa. Ba na cewa lallai goɗiyar ce za ta ci, wataƙila kilin ya ba mu kunya. Amma a bari ƙafa da zuciya su ba da shaida.

In kuma gaskiyar maganar ita ce gidan na son ya riƙa fitowa a tawagar hakimi, to a faɗa a sarari, a riƙe kilin, a daina zancen doguwar tafiya. Wannan ma dalili ne mai ƙarfi.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin babban wan bai fita ba. Kili mai kyan gani, in sallah ta gabato, masu nemansa suna da yawa, kuma hannun mai sonsa zai faɗa. Goɗiyar da ba ta da kyau a ido, in ta shiga kasuwa ba mai sanin halinta, dillali zai taya ta da araha, kuma ba kowane mai saye ne mahayi ba. Akwai manyan motocin da ke lodin dawaki daga kasuwannin Arewa zuwa Obollo-Afor a jihar Enugu, inda mahauta ke jira.