15 ga Maris: Ranar da Bai Kamata Ƙasar Kazaure Ta Manta Ba

A tsakiyar watan Maris, lokacin da hunturu ya tattara nasa ya nasa, zafin bazara ya fara gasa duwatsun Kazaure da Roni, akwai wata rana da ke wucewa shiru a makarantun yankin. Ita ce 15 ga Maris, ranar da sau biyu ta juya akalar Arewa.

Karon farko a 1903 ne. Da safiyar ranar, rundunar Turawan Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland ta gwabza da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato. Masu takobi da mashi a kan dawakai suka tunkari bindiga mai aman harsashi, kafin rana ta take an gama. Attahiru ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waziri Buhari ya zauna tare da waɗanda ba su tafi ba, sannan ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na Biyu Sarkin Musulmi. Kano kuwa tun 3 ga Fabrairu ta faɗi.

Wani zai ce ina ruwan Kazaure da yaƙin Sakkwato? Da ruwanta tsundum. Masarautar da Ɗan Tunku ya kafa, bayan doguwar fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kai tsaye take mubaya'a ga Sarkin Musulmi, ba ta hannun Kano ba. Da Sakkwato ta faɗi, Turawa suka sanya Kazaure cikin Lardin Kano, maganar Razdan da Di'o ta hau kan ta fada, har talakan Roni da Gwiwa ya ji a jikinsa wajen haraji da jangali. Mutanen Babura su ma suna da nasu rabon: iyakar da Ingila da Faransa suka shata a waɗancan shekarun ita ce ta mayar da 'yan uwansu na ƙasar Damagaram mutanen wata ƙasa.

Karo na biyu ya zo bayan shekara 56. Ranar 15 ga Maris 1959 Jihar Arewa ta sami mulkin kai, Gwamna Sir Gawain Bell ya bar wa Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shugabancin majalisar zartarwa. Sardauna jinin Shehu Usmanu ne, kuma ya san abin da ranar ke nufi ga gidansu. Da yake ta faɗo cikin azumi, sai a watan Mayu aka yi gagarumin bikin a Kaduna.

Abin takaici ne ɗan sakandare a Gwiwa ya haddace 1 ga Oktoba amma bai taɓa jin labarin Giginya ba. Shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar makarantu sun yi ɓarna, kuma gyaran ba sai an jira Abuja ba. Fadar Kazaure na da maroƙa da dattawan da suka riƙe jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙensu, Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu kuma na da zaure da malamai. Su keɓe wannan rana duk shekara, a kawo ɗalibai daga Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura, a naɗi muryoyin dattawan, a buga abin da suka faɗa da Hausa a raba wa makarantu.